Totur da Jan Awarwaro

"…da kuma gajiya, in akwai wadda ragon miji irinka ka yi," in ji Inno, ba ta ko ɗago kai daga faifan waken da take tsinta ba.

"Gajiya ta bi lahiya, amarya. Ya jikin tsuhwa? Na jiyo tarinki da asuba, har na ce a jiƙa gero."

"Geron mi?"

"Na gumbarki mana. Ba ni so ki shammace mu, 'yan gaisuwa su taru a ishe mu ba shiri."

"Kai ka jiƙa, ni za ni sha. Sai na ga hurhura bisa wanga kai naka mai kama da ƙoƙon awo kahin in yi shawarar tahiya."

Haka Inno da jikanta Sufyanu suke gaisawa kowace safiya, kuma duk tungar nan ta bakin gulbi, yamma da Gummi, babu wanda abin yake ba mamaki. Ranar da aka ji gidan shiru, to ɗayansu ba lafiya. Tana zagin kunnuwansa, tana zagin hancinsa, tana zagin cinsa, wanda kuwa ya cancanci zagi. Abu ɗaya ne bakinta bai taɓa kusanta ba, shi ne hannunsa na dama. Yana ƙarami a Dareta shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara. Shi Allah ya bar shi, amma hannun ya saki daga wuyansa, ba ya damƙar komai. Inno ce ta je da kanta ta goyo shi zuwa bakin ruwa, ta ce ƙurar zinariya ta ci mata jika ɗaya, ba za ta ƙara cin wani ba.

Yanzu ga shi ya zama saurayi, kuma ba abin da yake so a duniya irin ya tuƙa jirgin kakansa, marigayi Mainasara, ya riƙa ƙetarar da mata kasuwa. Barau, sarkin ruwan mashayar, ya gwada shi kafin damina. Hannun hagu kaɗai ya haɗa tuƙi da murɗa totur, abin ƙara wa inji mai, ana tsakiyar gulbi ya gaji, totur ya kuɓuce, jirgi ya yi wata zabura buhunan albasa suka bi ruwa. Barau ya ce albasa ce wannan karon, shi kuwa ba zai jira sai ta kai ga mutane ba. Da ƙyar ya yarda ya sake gwada shi yau bayan la'asar, daga shi kuma babu wani. Sufyanu ya riga ya faɗa cewa in bai samu jirgin ba zai koma wajen Anka, can yankin masu haƙar zinariya, ko gadin injin niƙa dutse ne ya yi. Wannan magana ta hana Inno barci, amma ko a fuska ba ta nuna masa ba.

Yau da kwali ya shigo a hammata. Ta hango shi tun daga ƙofa ta yi kamar ba ta gani ba. Sai dai Inno mace ce da ba ta iya zama kusa da rufaffen abu, ko da tukunyar maƙwabta ce.

"Mi na na cikin kwalin ga? In atamhwa ta, ka makara, na yi wani miji."

"Wa za shi kwashe ki? Ba naki na ba, na inji na."

"Au, inji ka koma yi ma toshi? Buɗe in gani."

"Ba ni makulli tukun."

Injin jirgin a ɗakin Inno yake kwana, ɗaure da sarƙa da kwaɗo a ƙafar gado. Makullin kuwa yana rataye a jikin wani jan awarwaro na roba, murɗaɗɗe, mai miƙewa in an ja shi, da ɗan baƙin abu mai baki biyu a ƙarshensa, wanda take sosa kunne da shi. Marigayi ne ya kawo mata daga Yawuri ranar da ya sayo injin. Ya ce duk kasuwar guda ɗaya ne, har matar wani babban mutum ta taya ya hana. Ko wanka za ta yi ba ta cire shi. Sufyanu, wanda ba abin da ya bari a jikinta bai tsokana ba, tun daga giɓinta har faso, bai taɓa cewa uffan a kan awarwaron nan ba. Ita kuwa ta ɗauka ya san abu mai kyau ne in ya gani.

"Makulli ba shi hita sai na ga abin da za a liƙa ma injin kakanka," ta ce. "Buɗe."

Ya durƙusa ya buɗe. Ga wani ɗan baƙin akwati mai maɓallai, ga wani dunƙulallen ƙarfe da waya ta fito masa a baki, ga tulin wayoyi da notuna a leda. Inno ta ture faifai gefe ta matso.

"Wanga shi aka ce ma mariƙin totur. Masu mota ka sa shi in za su doguwar tahiya, su ɗauke ƙahwa, mota na ta gudunta. Daga Kano anka aiko mani. Ni ko jirgi za ni sa ma."

"Kai dai ka ce lalaci ya samo ƙane. Shina da hannu?"

"Ga shi. Wagga waya ita ka jan totur."

"Ido hwa?"

"Babu."

"Makaho za ka ba tuƙi? Kunne hwa?"

"Kunne kam shina da, har ya hi naki. Wagga siririyar za ni naɗa ga wayar hulogi, shi riƙa jin bugun inji. In inji ya ji nauyi shi ƙara mai, in ya ji sauƙi shi rage."

Inno ta ɗauki akwatin ta kara a kunne, ta girgiza, ta shinshina.

"Ba kowa ciki. To ba ga robar tayar keke ba, wadda 'yan jirgi ka ɗaure totur da ita? Mi ya kai ka Kano?"

"Roba ba ta san ruwa ya yi ƙarhi ba, Inno. Inda kis sa ta nan take, kamar ke in kin zauna gidan biki."

"Ja'iri. Mi shika ci?"

"Batir."

"Kullum?"

"Rana ka cika shi."

"To ya hi ka sauƙin riƙo. Da shi anka ba ni tun hwarko da rumbuna bai ga ƙasa ba." Ta juya akwatin. "Ya san kunya? Kakanka in ya kawo mashayar mata sai ya rage inji ya gaishe su, kada igiyar ruwa ta kwashe musu kwanoni. Wanga baƙon Kano ya san surukai?"

"Kunyar ni za ni riƙa ji mashi. In danna shi saki."

"Wane za ka danna? Wanga ko wanga?"

Ya fizge akwatin. "Ba aikin tsohuwa na ba. Ke da rediyo ma sai kin ciro batir kike kashe ta."

"Ta mutu ko ba ta mutu ba?"

Ya nuna makullin. Ta miƙa masa hannu, ya buɗe kwaɗon, makullin yana jikinta, don ba ta yarda a raba su ba. Ya saɓa injin a kafaɗar hagu, ita kuma ta yafa gyale ta ɗauki kwalin a ka. Ya ce ina za ta. Ta ce ba ta barin miji ya fita da baƙo shi kaɗai, kuma in abin nan zai kifar da jirgi, gara ya fara da wadda aka riga aka jiƙa wa gero.

A mashaya hantsi ya ɗaga, jirage duk sun ƙetare, sai nasu yana ta ɗan rausaya a inuwar gawo. Sufyanu ya ɗaura injin a bayan jirgi ya buɗe murfinsa. Aikin ɗaure noti aikin hannu biyu ne, kowa ya sani. Kafin ya buɗe baki Inno ta riga ta kama sifana ta tokare, tana cewa dubawa kawai take yi ko ƙarfen na kirki ne. Haka ta yi ta dubawa, noti bayan noti, har aka kafa dunƙulallen ƙarfen, aka haɗa wayarsa da totur, aka ɗaure akwatin maɓallan a jikin mariƙin tuƙi. Bakinta kuwa bai huta ba.

"Wagga jar waya ina ta nuhwa?"

"Batir."

"Baƙar hwa?"

"Batir."

"Dut su biyu gida guda? Allah shi kyauta. Wanga rami hwa, na mi na?"

"Na shan iska."

"Wanga tsumman roba da anka naɗe ma ɗan maɓallin ga hwa? Ƙazanta. Bari in ɗebe."

"Kul! Bar shi nan. Tun zamanin mijinki na hwari yake. In anka zare shi, inji mutuwa shika yi nan take."

"Inji dut girmanai tsumma ka riƙe da rai nai?"

"Awo. Kamar ke da goro."

Da ya faɗi haka idonsa ya ɗan sauka a wuyan hannunta, ya yi maza ya kau da kai. Inno ta gani, amma ta ɗauka sifana yake nema, ta miƙa masa.

Ya fizgi igiyar tayarwa, inji ya ɗauka. Suka fita daga inuwa suka nufi tsakiyar gulbi, Inno a kan allon tsakiya ta juyo tana kallonsa. Ya murɗa totur har jirgi ya daidaita, ya danna koren maɓalli da babban yatsa, sannan ya saki totur ɗin ya maƙale mariƙin tuƙi a hammata. Inji bai ko yi tari ba.

Inno ta kasa kunne. Ta shekara da shekaru tana jin muryar injin nan daga tsakar gida, ta san lokacin da yake wahala da lokacin da yake wasa. Suka shiga inda ruwa yake da ƙarfi, wurin da hannun Sufyanu ya gaza a wancan gwajin. Jirgi ya ɗan ja baya, sai ta ji inji ya ƙara murya da kansa, ba wanda ya taɓa shi.

"Wa at taɓa?"

"Ba kowa."

"Rantse."

"Ga hannuna, dibi."

"Ikon Allah! Ashe da gaske shina ji." Ta leƙa akwatin da girmamawa. "Sannu da aiki, Malam. Kai ko, mijina, yau ka yi abin kai. Ashe ƙoƙon awon ga ba hanko na ba."

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma namiji in mace ta yaba masa, ko da kakarsa ce mai giɓi, sai kansa ya kumbura. Sufyanu ya miƙe tsaye, ya tokare mariƙin da gwiwa, ya ɗaga hannu yana jinjina.

"Amarya, dibi angonki! Har rawa ni ka iya yi maki, jirgi na tahiya. Gobe matan Gummi layi za su…"

Kututturen da ambaliya ta kawo yana kwance a ƙarƙashin ruwa, ba ruwansa da matan Gummi. Jirgi ya yi karo da shi, ƙum! Inno ta ga tafin ƙafafun jikanta a sama, sai tsundum.

Dariya ce ta fara zuwa mata, amma ba ta kai baki ba. Inji bai rage ba. Ba a ce masa ya saki ba, shi kuwa bai saki ba. Mariƙin tuƙi da babu kowa a kansa ya karkace gefe guda, jirgi ya fara kewaya, kuma tsohuwar matar ɗan jirgi ba ta bukatar a gaya mata inda kewayen zai ƙare. Ga kan Sufyanu can yana ɓullowa yana nutsewa, yana iyo da hannu ɗaya, ga farfela tana yankan ruwa a baya. Tsoro irin wanda ta ji a Dareta ranar da ta ɗauke shi jikinsa yana karkarwa, shi ne ya dawo mata gaba ɗaya.

"Sufyanu!" ta ƙwala, ba miji ba ango.

Ta rarrafa baya da gwiwoyin da kullum take cewa sun mutu. Ta danna maɓallin da ya fi kusa. Inji ya yi ƙara ya ƙara gudu. Ta yi salati, ta ɗura wa mutanen Kano ashar. Kan yaron ya matso, har tana ganin farin idonsa. Sai idonta ya faɗa a kan tsumman robar nan. Ta sa farce ta cakumo shi ta fizge da duk ƙarfin da ya rage mata.

Inji ya yi shiru kamar an toshe masa baki. Jirgi ya zo a hankali ya wuce Sufyanu da abin da bai fi kamu ɗaya ba.

Ta miƙa masa gora ya kama, ya hau da ƙyar ya zube a cikin jirgi yana tari. Ruwa yana jan su sannu sannu. Inno ta gyara gyale.

"To," ta ce da muryar da ba ta gama dawowa ba, "geron da kaj jiƙa, saura kaɗan shi yi amhwani. Sai dai ba nawa ba."

"Wanka niy yi niyya dama."

"Na gani. Da ƙahwahu sama aka wanka garinku."

Ya yi ɗan murmushi, amma bai ɗago ba. "Inno, Barau ya yi gaskiya. Da mata na cikin jirgin ga da goyo…" Ya kalli akwatin. "Riƙewa ya iya. Bai san mai shi ya hwaɗi ba. Bari in kwance shi. Anka ɗin dai ta."

Kalmar Anka ta soki Inno. Ta juya tana duban ɗan maɓallin da ta tsiraita. Yanzu da babu tsumma a kansa, ta ga yana da wuya siriri, da ɗan tsagi kewaye da shi, kamar wurin da aka yi don wani abu ya shiga.

"Waɗanda sunka ƙera inji dut da wayonsu, tsumma sunka sa nan?"

"A'a."

"To mi sunka sa?"

"Wani abu na."

"Wane iri?"

"Igiya ta. Kai guda a maƙala nan, kai guda ga hannun mai tuƙi. In ya hwaɗi ta hizge, inji shi mutu. 'Yan jirgi ba su son ta, sai su ɗebe su naɗa roba."

"Ina tamu?"

Sufyanu, wanda bai taɓa rasa amsa ba tun da ya iya magana, ya shiga matse rigarsa kamar ba shi aka tambaya ba.

"Da kai nike. Wace kala ta?"

Ya ci gaba da matsar rigarsa.

Inno ta kalli wuyan maɓallin, ta kalli wuyan hannunta. A hankali ta kama ɗan baƙin abin nan mai baki biyu, abin sosa kunnenta, ta miƙa shi ta tura a tsagin. Ya shige ƙyas, kamar can aka haife shi.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Dut kasuwar Yawuri guda ɗai na."

"Inno…"

"Matar babban mutum ta taya ya hana! Ashe cikin kwalin inji yaz zaro ya laƙaba mani! Ni ko na bi gidajen suna ina ɗaga hannu ana kallo. Wanga tsoho, Allah shi jiƙanai, amma in na ishe shi sai ya yi bayani." Ta juyo a fusace. "Kai kuma tun yaushe kas sani?"

"An jima. Cikin wayar salula nig gani, jikin injin wasu."

"Kak kama bakinka? Kai da ko kallabi nis sake sai ka tanka?"

"Shi yab ba ki," ya ce a hankali. "Na ga ko wanka ba ki ɗebe shi. Na ce in nemi wata in Allah ya hore."

Nan Inno ta gane. Duk shekarun nan da take kewaye hannunsa da bakinta, ashe shi ma akwai wurin da yake kewayewa. Tausayi da ƙauna suka cika mata ƙirji har ta rasa zagin da za ta yi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ta zare makullin ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta zame awarwaron daga hannunta, wurin ya bar farin zobe a fata.

Ya miƙo hagu.

"Ba wanga ba. Wanga na da aiki. Kawo ragon."

Ya dube ta. Ta kamo hannun daman da kanta, ta ɗora a cinyarta, ta zura masa jar igiyar ta matse ta daidai wuyansa.

"Tun da nig goyo ka ban taɓa zagin hannun ga ba, don ba a zagin wanda ba shi da sana'a. Yau ya samu. Ba a ce shi damƙa ba, ba a ce shi murɗa ba. In ka hwaɗi shi bi ka, shi ke nan. Ko shi ma ba shi iyawa, malalacin banza?"

Sufyanu ya sunkuyar da kai. Ruwan da ke fuskarsa ba duka na gulbi ba ne, ita ma ta yi kamar ba ta lura ba.

"Tada mu gani," ta ce. "Ni ban yarda da maganar namiji ba kuma."

Ya fizgi igiyar tayarwa, inji ya ɗauka. Ya danna kore, ya bari gudu ya daidaita, sannan ya ja hannun dama baya. Baƙin abin ya fita, inji ya mutu. Inno ta ce a sake. Aka sake. Ta sa ya nuna mata maɓallan ɗaya bayan ɗaya, wanda yake riƙewa, wanda yake ƙarawa, wanda yake saki, wannan karon kuwa bai ce ba aikin tsohuwa ba ne.

Bayan la'asar Barau ya zo da buhunan yashi a madadin albasa. Ya zauna a gaba, fuska ba annuri. Suka ƙetare, suka shiga ruwa mai ƙarfi, suka dawo, ya rage inji a mashayar mata ya gaishe su. Ana tsakiyar gulbi Barau ya ce, to in ka faɗi fa? Sufyanu ya ja hannun dama, inji ya yi tsit. Barau ya daɗe yana duban jar igiyar. Da suka sauka ya ce ranar kasuwa ya ɗauki mata, amma in ya kuskura ya miƙe tsaye a cikin jirgi, shi da kansa zai jefa shi ruwa. Bai san wani ya riga shi ba, Inno kuwa ba ta ga dalilin gaya masa ba.

Da suka koma gida aka ɗaure inji a ƙafar gado, ta kwance bakin zane ta riƙe makullin tsirara tana jujjuyawa.

"To ga shi ka raba ni da kayan adona. Miji na kirki da ya musanya."

"Wa yac ce ban shirya ba? Miƙo hannu, ki ruhe ido."

Ta miƙa, ido ɗaya a buɗe. Ya laluba aljihu ya ciro tsumman robar nan da ta fizge, baƙi ƙirin da man inji, ya zura makullin, ya ɗaure mata a kan farin zoben da haƙori da hannun hagu.

"Riƙe da kyau, amarya. Dut kasuwar Gummi guda ɗai na. Matar wani babban mutum ta taya, na hana."

Inno ta dubi tsumman, ta dube shi. Ta so ta haɗe fuska abin ya gagara. Dariya ta kwashe ta har ta dafa bango, giɓi a waje, hawaye yana bin kumatu.

"Jinin tsohon ga bai ɓata ba," ta ce tana share ido da gyale. "Na karɓa, maƙaryacin banza. Tashi ka ɗauko geron da kaj jiƙa, in dama muna hura."